Gidan Tarihi Mai Kamar Dala, Mai Kamar Jirgi: Yadda Ƙasashe Ke Bayyana Kansu Ta Hanyar Gini

A ranar 1 ga Nuwamba 2025 aka yi bikin buɗe Babban Gidan Tarihin Masar a kusa da dalolin Giza, fiye da shekara 20 bayan kamfanin Heneghan Peng na ƙasar Ayalan ya lashe gasar zanensa a 2003. Duk wanda ya ga hotunan bikin zai lura cewa siffar dala ta mamaye ginin, tun daga bangon gaba da aka cika da zane mai kusurwa uku har zuwa ƙofar shiga, sannan a zauren farko ga gunkin Fir'auna Ramsis na Biyu, wanda aka ɗauko daga tsakiyar Alƙahira tun 2006. Wasu sun yaba, sun ce ginin ya faɗi sunan ƙasarsa tun daga nesa. Wasu kuma sun tambaya ko Masar ta yau, mai mutane fiye da miliyan 100 da tarihin Musulunci da na Kibɗawa, ba ta da wata fuska sai wadda baƙo ya riga ya sani a katin gaisuwa.

Wannan muhawara ta girmi ginin Giza, kuma ana yin irinta kusan duk inda gwamnati ta kashe kuɗi mai yawa a kan gidan tarihi na ƙasa.

Kalmomin da ake ta juyawa

Gidan tarihi na ƙasa ya bambanta da ɗakin ajiyar kayan da. Hukuma ce ke kafa shi da sunan al'umma gaba ɗaya, saboda haka abin da ya ajiye da abin da ya bari a waje duka magana ce a kan su wane ne 'yan ƙasa. Masanin siyasa Benedict Anderson, wanda ya yi fice da ra'ayin cewa ƙasa al'umma ce da mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suke ƙullawa a zukatansu, ya jera gidan tarihi tare da taswira da ƙidayar jama'a a matsayin kayan aikin da masu mulki ke tsara wannan tunani da su.

Abin da ake nufi da al'adar gama-gari kuwa shi ne duk siffar da mutum zai gane ba tare da ya yi karatu a kanta ba: abin da ke jikin takardar kuɗi da kan sarki, tallan kamfanin jiragen sama, rigar 'yan ƙwallo, fim, waƙar rediyo, ko tsarabar da matafiyi ke saye a filin jirgi. Tsufan abu ba ya hana shi shiga wannan rukuni. Dalar Giza ta haura shekara 4,500, amma yawan maimaita hotonta ya mai da ita alamar da yaro ma ke ganewa. Michael Billig ya rubuta a 1995 cewa kishin ƙasa ya fi rayuwa a cikin irin waɗannan ƙananan alamomi da ido ya saba da su har ya daina lura, fiye da yadda yake rayuwa a jawabin ranar 'yanci. Mai zanen gini da ya ɗauko ɗaya daga cikinsu ya mai da ita bango da rufi yana cin gajiyar sanayyar da wasu suka riga suka gina ne.

Daga ginshiƙan Girka zuwa siffar gida

Gidajen tarihi na farko a Turai ba su damu da kama da ƙasashensu ba. Fadar Louvre ta zama gidan tarihi a 1793, a tsakiyar juyin juya halin Faransa, kuma saƙonta shi ne cewa dukiyar sarki ta koma hannun jama'a. Waɗanda aka gina musamman bayan haka, kamar tsohon gidan tarihin Balin na 1830 da ginin gidan tarihin Birtaniya a Landan, sun ari fasalin haikalin Girkawan da, da dogayen ginshiƙai da matakala mai faɗi. Manufar ita ce a nuna cewa ƙasar magajiyar wayewar da Turawa ke ɗauka tushen tasu ce, shi ya sa gine-ginen suka yi kama da juna duk da gabar da ke tsakanin masu su.

A ƙarshen ƙarni na 19 aka fara neman siffar gida, kuma tun a lokacin rigima ta biyo baya. Da aka buɗe gidan tarihin ƙasar Holan a Amstadam a 1885, 'yan Furotesta da dama sun ce ginin da Pierre Cuypers ya zana, shi kuwa ɗan Katolika ne, ya fi kama da coci irin ta ɗarikarsa, kuma Sarki Willem na Uku bai halarci buɗewar ba. Ke nan da zarar gini ya ce “ga kamanninmu”, sai a samu wanda zai ce bai ga kansa a ciki ba.

Ƙasashen da suka fito daga mulkin mallaka ko juyin juya hali sun ɗauki batun da muhimmancin da ya fi haka. Gidan tarihin al'adun Meziko, wanda Pedro Ramírez Vázquez ya jagoranci zanensa aka buɗe a 1964, an tsara shi a kewayen fili irin na tsofaffin biranen ƙasar, da wata ƙatuwar lema ta kankare da ke tsaye a kan ginshiƙi guda, kuma ɗakin Aztek, tsohuwar daular da Sifaniyawa suka tarar a ƙasar, shi aka ba wurin da ya fi daraja. A Shanghai, gidan tarihin da aka kammala a 1996 ya ɗauki siffar tsohuwar tukunyar tagulla ta Sin, sama zagayayye ƙasa mai kusurwa huɗu, bisa tsohon tunanin Sinawa game da siffar sama da ƙasa.

Agwagwa da rumfa mai ado

Masu nazarin gine-gine suna da wata rarrabewa da ke sauƙaƙa fahimtar lamarin. A littafin da suka wallafa a 1972 kan birnin Las Vegas, Robert Venturi da Denise Scott Brown da Steven Izenour sun raba gine-gine masu ɗauke da saƙo gida biyu. Na farko sun kira shi “agwagwa”, saboda wani shago da aka gina a 1931 a jihar New York da siffar agwagwa domin sayar da agwagi da ƙwai: ginin kansa shi ne allon talla. Na biyu shi ne “rumfa mai ado”, wato gini na yau da kullum da aka liƙa wa alama a fuska.

Yawancin gidajen tarihin da ake cece-kuce a kansu a yau agwagi ne. Gidan tarihin ƙasar Katar da Jean Nouvel ya zana, aka buɗe a Doha a Maris 2019, tarin faya-fayai ne masu sarƙe da juna da ke kwaikwayon furen hamada, wani dutse mai kama da fure da ke haɗuwa a cikin yashi mai gishiri. Gidan tarihin Zayed a Abu Dhabi, aikin kamfanin Norman Foster, yana da hasumiyoyi biyar masu siffar fukafukan shaho. A Belfas ta Ayalan ta Arewa, cibiyar Titanic da aka buɗe a 2012 a tsohuwar ma'aikatar da aka ƙera jirgin tana da kusurwoyi masu kama da goshin jirgin ruwa, kuma an daidaita tsayinta da na gangar jikin jirgin. A Amurka, inda waƙa ke cikin manyan abubuwan da ƙasar ke tinƙaho da su, gidan tarihin kiɗan karkara na Nashville yana da tagogi masu kama da maɓallan fiyano, shi kuwa wanda Frank Gehry ya zana a Seattle a 2000 an danganta lanƙwashe-lanƙwashensa da farfasasshiyar gita mai aiki da lantarki.

Gidan Tarihin Gobe na Dubai, wanda aka buɗe a Fabrairu 2022, ya haɗa hanyoyin biyu, domin jikinsa zobe ne na ƙarfe, tagoginsa kuma rubutun Larabci ne na kalaman sarkin Dubai.

Akwai hanya ta uku da ta fi waɗannan zurfi, inda siffar ba ta bayyana kanta a kallon farko. Gidan tarihin Amurkawa baƙar fata da aka buɗe a Washinton a Satumba 2016, wanda David Adjaye ya jagoranci zanensa, hawa uku ne masu buɗewa sama, an ɗauko su daga kambin da ke kan wani sassaƙen Olowe na Ise, gwanin masassaƙin Yarbawa. An lulluɓe shi da alluna 3,600 masu launin tagulla waɗanda zanensu ke tuna aikin ƙarfen da maƙeran bayi suka yi a Charleston da New Orleans, kuma karkatar bangon ta yi daidai da ta kan hasumiyar tunawa da George Washington da ke kusa. Ginin mai duhu ne a unguwar da fararen gine-ginen dutse suka cika, don haka ko wanda bai san labarin Olowe ba ya ga bambancin. A ciki, al'adar gama-gari ta samu wuri sosai, har da jar motar Cadillac ta mawaƙi Chuck Berry, amma mai ziyara yana farawa ne daga ƙarƙashin ƙasa, daga tarihin cinikin bayi, kafin ya hau zuwa ɗakunan waƙa da wasanni.

Abin da ya haifar da yayin

Dalili na farko kuɗi ne. A 1997 aka buɗe gidan tarihin Guggenheim a Bilbao ta Sifen, birnin da masana'antun ƙarfe da na jiragen ruwa suka durƙushe, kuma ginin Gehry mai sheƙi ya riƙa jawo baƙi kusan miliyan guda a shekara. Tun daga nan gwamnatoci da shugabannin birane suka ɗauka cewa gini mai ban mamaki zai iya farfaɗo da tattalin arziki, ko da yake masu bincike sun sha tunatarwa cewa Bilbao ta gina jirgin ƙarƙashin ƙasa da sabon ginin fasinjoji a filin jirgin sama, ta kuma tsaftace koginta a daidai wannan zamani.

Na biyu fasaha ce. Manhajojin kwamfuta, wasunsu an aro su daga masu ƙera jiragen sama, sun ba da damar lissafa bango mai lanƙwasa da yanka dubban alluna kowanne da girmansa, abin da a da ba a iyawa sai da wahala mai yawa. Wayar hannu kuma ta sauya yadda ake sanin gini, domin mutane da yawa sun fi ganinsa a ƙaramin hoto a Instagram kafin su taka ƙafa wurin, kuma siffar da ake ganewa cikin daƙiƙa guda ita ce ke yawo.

Na uku shi ne sauyin da gidajen tarihi suka yi wa kansu. An daɗe ana zarginsu da cewa na masu ilimi da masu hali ne, cewa ginshiƙai da shiru suna sa talaka ya ji ba wurinsa ba ne. Sabuwar ma'anar gidan tarihi da Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta amince da ita a Prague a Agusta 2022 ta jaddada buɗe ƙofa ga kowa da tafiya da al'umma. Wasu ƙasashe sun wuce nan, sun mai da al'adar gama-gari kanta abin ajiya: Japan ta buɗe gidan tarihin littattafan zane na manga a Kyoto a 2006, Brazil kuma ta buɗe na ƙwallon ƙafa a 2008 a ƙarƙashin kujerun filin wasa na Pacaembu da ke São Paulo. Abin lura shi ne dukansu biyu ba su gina agwagwa ba. Na Kyoto tsohuwar makarantar firamare ce, na São Paulo kuma filin da masu kallo suka riga suka sani, wato wurin da kansa ya ishe su alama.

Masu goyon baya da masu suka

Masu goyon baya suna cewa gini magana ce da jama'a, kuma babu amfanin yin magana da harshen da 'yan kaɗan kawai ke ji. A ganinsu siffar da aka sani gayyata ce: tana shigo da wanda da ba zai shigo ba, sauran aikin kuma na abin da ke ciki ne. Suna ƙara da cewa ƙasar da aka daɗe ana ba da labarinta daga waje tana da haƙƙin ta gina da siffofinta. Gidan Tarihin Wayewar Baƙar Fata da aka buɗe a Dakar a Disamba 2018, burin da shugaban Senegal na farko, Léopold Sédar Senghor, ya faro tun shekarun 1960, zagayayye ne bisa fasalin gidajen gargajiya na yankin Kasamans, kuma ana kawo shi a matsayin amsa ga masu cewa Afirka ba ta da inda za ta ajiye kayanta idan Turai ta maido su.

Masu suka suna da hujjoji uku da ba su cika haɗuwa ba. Ta farko ita ce alamar da kowa ya sani sau da yawa baƙo ne ya zaɓe ta, domin kasuwar yawon buɗe ido ce ta yayata ta, sai ƙasa ta wayi gari tana kwaikwayon hoton da wasu suka ɗauke ta. Suna nuni da cewa Bafaranshe ne ya zana na Katar, Baturen Ingila ya zana na Abu Dhabi, na Dakar kuma Sin ce ta ba da kuɗinsa. Masu kare waɗannan ayyuka suna amsawa da cewa asalin mai zane bai hana aiki dacewa ba, suna tuna yadda aka yi ta sukar dalar gilashin da I. M. Pei, Ba'amurke haifaffen Sin, ya gina a harabar Louvre a 1989, ga shi yau ta zama alamar Paris.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, ita ce cewa ana zaɓar alama ne saboda ba ta tayar da ƙura. Dutsen hamada ba na wata ƙabila ba ne, kuma bai ce komai ba game da baƙin ma'aikata da suka fi 'yan ƙasa yawa a Katar. A Belfas, bayan shekaru 30 na rikici tsakanin Katolika da Furotesta, jirgin da fim ya mai da sananne a duniya ya zama labarin da ɓangarorin biyu za su iya sayar wa baƙi, duk da cewa mutane fiye da 1,500 ne suka mutu a haɗarin na 1912, kuma ma'aikatar jiragen kanta ta yi ƙaurin suna wajen ware ma'aikata 'yan Katolika, har aka kori dubbai daga ma'aikatun birnin a 1920. Ga masu goyon baya wannan hikima ce ta zaman lafiya, ga masu suka kuwa rufe ciwo ne da fenti.

Hujja ta uku ta masu sana'ar ce: bangon da ya karkace yana wahalar da rataye kaya, yana cin kuɗin gyara, kuma yayi yana wucewa gini yana nan.

Ostiraliya ta nuna abin da ke faruwa idan mai zane ya bi akasin hanyar lallashi. Gidan tarihin ƙasar da aka buɗe a Canberra a 2001 yana cike da launuka masu ƙarfi da wata ƙatuwar lanƙwasa mai kama da lilon wurin shaƙatawa, amma fasalin ɓangaren 'yan asalin ƙasar ya yi kama ƙwarai da na gidan tarihin Yahudawa na Balin, abin da mutane da dama suka fassara da kwatanta abin da aka yi wa 'yan asalin da kisan ƙare dangi. A jikin bangon kuma an rubuta kalmomi da manyan ɗigogin rubutun makafi, ciki har da kalmar neman afuwa, a lokacin da Firaminista John Howard ya ƙi neman afuwar 'yan asalin a hukumance. An rufe wasu daga cikin ɗigogin da faya-fayan ƙarfe, gwamnati kuma ta sa aka yi bitar abubuwan da gidan ke nunawa a 2003. Sai a Fabrairu 2008 Firaminista Kevin Rudd, wanda ya gaji Howard, ya nemi afuwar a majalisa.

Abin da ya shafi jama'a

Kuɗin ginin yawanci daga baitulmali ko bashi yake fitowa. Na Giza ya ci fiye da dala biliyan 1, babban kaso daga rancen Japan, wanda za a biya ko baƙi sun zo ko ba su zo ba. Idan lissafi ya yi daidai, masu otal da direbobi da masu sana'ar hannu suna amfana. Idan ya kuskure, asarar ta jama'a ce. A Sheffield ta Ingila an kashe kimanin fam miliyan 15, mafi yawa daga kuɗin cacar ƙasa, wajen gina cibiyar waƙoƙin zamani mai siffar ganguna huɗu na ƙarfe; an buɗe ta a 1999, masu ziyara suka gaza abin da aka yi hasashe nesa ba kusa ba, aka rufe ta a 2000, daga baya ta koma hannun ƙungiyar ɗaliban wata jami'a.

Kuɗin shiga shi ne ke nuna wa aka gina wa gidan. Gidajen Smithsonian na Washinton kyauta ne, manyan gidajen tarihin ƙasa na Birtaniya ma sun koma kyauta tun Disamba 2001, Masar kuma tana karɓar kuɗi kaɗan daga 'yan ƙasa, mai yawa daga baƙi. Inda tikiti ya fi ƙarfin ma'aikaci, ginin da aka ce hoton al'umma ne yakan zama abin da al'ummar ke hange daga tagar mota. Akwai kuma waɗanda suka ɗora tubalin: ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2009 kan halin da leburori baƙi ke ciki a tsibirin Saadiyat na Abu Dhabi, inda ake gina manyan gidajen tarihi, ta ambaci riƙe fasfo da bashin dillalan ɗaukar aiki, hukumomin wurin kuma suka ce sun kafa ƙa'idojin kare ma'aikata da masu sa ido.

Tasirin da ya fi wuyar aunawa shi ne na kan yara 'yan makaranta, waɗanda su ne baƙin da ba sa yankewa a irin waɗannan wurare, kuma siffar da suka gani ita za su riƙa zanawa idan aka ce su zana ƙasarsu. Al'ummar da ba a sa alamarta ba tana rasa wannan dama, wani lokaci kuma wadda aka sa tata ma tana rasa abin kanta. Domin ƙawata ƙofar gidan tarihin Meziko, gwamnati ta yanke shawarar ɗauko wani ƙaton gunkin dutse mai nauyin fiye da tan 160, wanda aka fi sani da Tlaloc, daga ƙauyen Coatlinchán. Mutanen ƙauyen sun tare hanya, sun lalata motar da aka kawo, sai da aka turo sojoji kafin aka fitar da shi a Afrilu 1964. Gunkin yana nan a bakin titi a babban birnin ƙasar, masu yawon buɗe ido na ɗaukar hoto a gabansa, a dandalin ƙauyen kuma kwafinsa aka kafa.